Auduga a Gaban Baki

Wai ni, a garin da aka haife ni, in yi kwana uku ina neman auduga cikin tafin hannu ɗaya in rasa. Na shiga gida-gida, na tambayi tsofaffi, na tambayi masu gonakin bakin rafi, kowa sai ya dube ni ya yi murmushi irin wanda ake yi wa tsohon da kansa ya fara taɓuwa. Wani ya ce in je kemis, suna da ita a leda. Na ce masa ba ta wanke ciwo nake nema ba, ta gona nake so, mai angurya a ciki. Ya ce, "To Malam, ai sai dai ka farke matashin kai." Na koma gida na farke kuwa, soso na tarar.

Da muna yara, in kaka ta yi, daga Tsiga har ka shiga Funtua idonka sai ya gaji da fari. Kaɗa muke ce mata. Tana gona, tana zaure, tana maƙale a gashin kowa da gemun kowa, har cikin miya sai ka tsince ta. Da hantsi ka ji ƙarar magurji daga kowane gida, mata suna raba ta da angurya a kan dutse. Da yamma kuwa mazarin Inna ne ke juyi cikin 'yar tasa, shuu, shuu, tana shafa alli a yatsa tana yi mana faɗa ba tare da ta ɗago kai ba. Jakuna su wuce da buhuna sun fi su girma, manyan motoci su zo su kwashe zuwa gidan gurza. Yanzu masara ce da waken suya ko'ina, gonakin nesa kuma ma an daina zuwa saboda halin da ake ciki. Mazarin Inna ban san inda ya shiga ba. Na tambayi matan gidanmu, wata ta ce kamar ta taɓa ganin wani abu haka an toshe ramin ɓera da shi.

Ba lagwani zan yi da audugar ba. Yayana ne a kwance, wanda nake bi, cikinmu ɗaya. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace, magana ta ɗauke. Ni kuwa akwai abin da na yi masa tun muna samari, shekara hamsin da ɗoriya ban buɗe baki na ce ya yafe mini ba, kullum ina cewa sai an samu natsuwa. Da na shirya faɗa masa, shi kuma ba bakin amsawa. A wautata ta tsufa sai na ɗauka auduga ce za ta buɗe masa bakin, tunda ita ta buɗe nawa.

Makarantarmu aji biyu ce da gindin ɗorawa. Malamin Turancinmu wani siriri ne daga ƙasar Zazzau, a bayan idonsa muna ce masa Malam Kaɗa. Ya ce bakinmu ƙiwa gare shi: Bature yana da haruffa biyu, p da f, mu kuwa mun haɗe su mun yi guda ɗaya don kada mu wahala. Dabararsa ita ce ya tsinko 'yar auduga kamar ƙwayar gyaɗa, ya ɗaure ta a zare, ya rataya ta a gaban bakinka, tazarar yatsa uku. In ka faɗi p daidai, wato ka rufe leɓe ka fashe shi, sai ta yi tsalle sau ɗaya ta dawo. In ka faɗi f daidai, ka ɗora haƙoran sama kan leɓen ƙasa ka hura, sai ta kwanta gefe a hankali ta tsaya. In kuwa namu na gida ka yi, sai ta yi wata 'yar rawa a tsakani, ba tsalle ba kwanciya, aji duka ya gani. Yakan ce, "Ni kuna iya ruɗa ni, kunnena ya tsufa. Ita fa ba ku iya ruɗa ta."

Daga nan sai karya-harshe. Muna da namu na Hausa da muke yi a dandali, irin na ƙato da kwaɗo, wanda in ka yi sauri harshenka ya harɗe a yi ta dariya. Ba mu taɓa zaton Bature ma yana da nasa ba, ko kuma za a iya kiran wannan wasa karatu. Malam Kaɗa yana da su jibge, wasu daga littafi, wasu shi ya ƙaga da kansa. Akwai na s da sh, wanda in aji ya ɗauka sai ka ce ana korar kaji. Akwai wanda sai ka turo harshe tsakanin haƙora, wanda Inna ta kama mu muna yi a tsakar gida ta ajiye mazari ta ce, "Wannan wane irin karatu ne da sai an yi wa mutane gwalo?" Amma babbansu shi ne na barkono. Ma'anarsa dai manoma biyar matalauta sun tsinko barkono hamsin masu ƙiba don tukunyar babansu. A Hausa ba komai ba ne, ko mai i'ina ya faɗa. A Turanci kuwa kowace kalma da ɗayan haruffan nan biyu take farawa, suna bin juna ba hutu. Ba zan rubuta shi da Turancin ba, don a takarda ba ya cizo, sai a baki.

Yaya shi ne gwanin makarantar. Yana faɗin na barkono sau biyar da numfashi ɗaya, audugar tana tsalle tana kwanciya, tana tsalle tana kwanciya, ko sau ɗaya ba ta ruɗe ba. In baƙi suka zo daga ofishin ilimi shi ake tsayarwa. Ni kuwa, wallahi, abin tausayi. Kafin in kai kalma ta uku na jiƙe audugar da yawu ta yi nauyi, sai an sake wata. Har suna aka sa mini, Mai-jiƙa-kaɗa, ya bi ni shekaru.

Sai Baba ya fara ciwon baya, ya kasa bin shanun huɗa. Ya ce ɗaya zai ci gaba da boko, ɗaya ya riƙe garma. Ba a tambayi wanda ya fi kai ba, wanda ya fi ƙwanji aka duba. Malam Kaɗa ya zo har zaurenmu, ya cire takalmi ya durƙusa, ya ce a bar masa babban a ɗauki ƙaramin. Baba ya nuna ni ya ce, "Malam, wannan da kake gani ko akuya ya ja sai ta ka da shi. In na ba shi shanu me za mu ci?" Shi ke nan aka gama. Da safe na ga Yaya ya ɗauki jakarsa ta makaranta ya rataya mini a wuya, ya gyara igiyar don ta yi mini tsawo, ya kora shanu ya tafi.

Da na kai aji na ƙarshe aka ce za a yi mana intabiyu ta shiga kwalejin horon malamai, kuma labari ya zo cewa mai jarrabawar sai ya sa ka karanta Turanci da ƙarfi yana kallon bakinka. Malam Kaɗa ya riga ya cire rai da ni. Yaya ne ya ce bai yarda ba. Lokacin tsintar kaɗa ne, kullum in rana ta take muka zauna hutu a gindin kanya, sai ya zaro zare daga aljihu, wanda ya tsinko a mazarin Inna ba da saninta ba, ya tsinki auduga daga buhu ya ɗaure, ya rataya mini. Bai taɓa dukana ba, bai taɓa yi mini tsawa ba. In na ɓata, yatsa kawai yake sa wa ya buga mini gwiwa sau biyu. Ko kalmar "sake" ba ya faɗa, bugun ya isa. Na sha bugun nan har gwiwata ta san shi, wani lokaci tun kafin hannunsa ya sauka na koma farko. Kurciya tana kuka a sama, shanu suna tuƙa, ni ina ta manoma biyar matalauta, leɓena har tsagewa ya yi. Wata rana, ban san yadda aka yi ba, na kai ƙarshe audugar a bushe, ta yi tsallenta ta yi kwanciyarta. Na tsaya ina jiran bugu, bai zo ba. Ya dube ni ya ce, "Yauwa, ɗan banza. Ashe kana da baki." A duk rayuwata ban sami yabon da ya kai wannan ba.

Na ci intabiyu, na tafi. To, a nan ne na lalace.

A hutun shekara ta uku abokaina biyu na kwaleji suka biyo ni gida su kwana biyu, 'yan birni, masu agogo da farin wando. Ina jin kunyar zaurenmu, ina jin kunyar ƙwaryar da aka kawo musu ruwa a ciki, ina neman abin da zan nuna musu su san mu ma ba baya ba ne. Muna zaune sai ga Yaya ya shigo daga gona da buhu a ka, auduga duk ta manne masa a gira, ƙafafu fututu. Ya sauke, ya gaishe su, ya zauna kan tulin kaɗa yana huci. Sai na ce, "Ku tsaya ku ga abin mamaki, manomi mai Turanci. Yaya, yi musu na barkonon nan."

Ya ce, "Haba, bari. Ai na manta."

Na ce, "Ina ka manta? Yi dai, su ji."

Na san don me ya yi. Don kada ya kunyata ni a gaban baƙina ne. Mutumin da ya yi shekaru ba wanda yake yi wa magana sai shanu, ya gyara zama ya fara. A kalma ta huɗu harshensa ya harɗe. Abokaina suka fashe da dariya, ɗaya har da riƙe ciki. Da a nan na tsaya da da sauƙi. Sai na miƙa hannu na tsinki auduga daga tulin da yake zaune a kai, wadda shi ya shuka shi ya tsinto, na riƙe masa a gaban baki, na sa yatsa na buga masa gwiwa sau biyu. A gaban baƙi. Ni, ƙaninsa.

Bai dubi fuskata ba, hannuna ya duba. Ya daɗe yana dubansa. Sannan ya miƙe ya karkaɗe riga ya ce, "Bari in ce a dama wa baƙi fura." Ya shiga gida.

Daga ranar ban sake jin kalmar Turanci ɗaya daga bakin Yaya ba. Ba fushi ya yi ba, da fushi ne da na ji daɗi. Duk kaka sai ya aiko mini da masara da wake duk inda aka tura ni aiki. Shi ya tsaya mini a aurena, shi ya raɗa wa ɗana na fari suna. Amma in malamin gona ya zo yana zuba Turanci a kasuwar auduga, Yaya sai ya yi tsaye kamar bai taɓa shiga aji ba. In takardar asibiti ce ko rubutun buhun taki, sai ya miƙa wa wani ya ce a karanta masa, alhali na sha ganin leɓensa yana motsi a kan rubutun kafin ya miƙa. Ni kuwa na yi aikin koyarwa har na yi ritaya da zare da auduga a aljihu, daga wannan ƙauye zuwa wancan. Ɗalibaina sun ɗauka ni na ƙago dabarar, ban taɓa gyara musu ba.

Kada a ce ban gwada ba. Amma mu ba mu saba ƙani ya zauna gaban wansa ya tono tsohuwar magana ba, nauyi ne da shi. Da zan tafi aikin hajji na zaga dangi neman gafara kamar yadda ake yi, na ce yau ce ranar. Na je na same shi yana gyaran igiyar shanu, na durƙusa na ce, "Yaya, zan tafi, a yafe mu." Ya ce, "Allah ya yafe mana baki ɗaya. Ka sayo mini ƙaramin tasbaha, ba mai nauyi ba." Irin amsar da ake ba kowa ce, ko maƙwabcin da akuyarsa ta ci maka dawa ita za ka ba shi. Ni na san ban ambaci abin ba, shi ma ya san ban ambata ba. Na tashi na tafi Makka na dawo da kayana a wuya.

A gonar masara Yaya ya faɗi, bara da damina. Da aka sallamo shi daga asibiti a Funtua, 'yarsa Lantana, wadda take ɗinki, ta dawo gidan da kekenta don ta yi jinya. Ta ce mini wata ma'aikaciya a can ta ce a riƙa sa shi motsa baki kullum, ya hura iska, ya gwada kalmomi, ko Allah zai sa wani abu ya dawo. Wata safiya na shiga na tarar ta kara masa waya a kunne, wata mace a ciki tana ta sharara karya-harshen Turanci kamar ana bin ta da gudu. Lantana ta ce, "Baba Malam, irin wanda ake koya wa yarana ne a makarantarsu. Na ji an ce Baba ya iya da." Yaya kuwa ya juya fuska bango.

Na ce ta kashe. Abin ya ba ni haushi, ba da ita ba. Yanzu Turanci yana aljihun kowa, ana jin sa dare da rana, yara suna yin sa ta hanci har ni da na koyar da shi ban cika ganewa ba. Amma wayar nan ba ta san ko ka faɗa daidai ko ka ɓata ba, ita dai zuba take yi. Ba ta zama da kai a gindin kanya, ba ta sato maka zare. Mu da aka zauna da mu kuma ga abin da muka saka da shi.

Daga ƙarshe a Gozaki na samo audugar, wurin wani tsohon abokin aikina da yake shuka kunya biyu a bayan gida don kada idonsa ya manta ta. Mai babur ya kai ni ya dawo da ni, ƙugu kamar zai cire. Zaren kuwa daga keken Lantana na tsinka. Na ɗaure ta yadda ake ɗaurewa, na sa a aljihu, na tafi wurin Yaya da hantsi. Sai na kasa fito da ita. A nan ne na tuna, ranar ƙarshe da na riƙe wa mutumin nan auduga a gaban baki ita ce ranar nan ta zaure. Kwana shida ina zuwa, in zauna a bakin gadonsa, in ba shi labarin ruwa da farashin taki, hannuna cikin aljihu, in tashi in tafi.

Ran na bakwai na fito da ita na ajiye a kan bargo inda zai gani. Na ce, "Yaya, ranar nan da na zo da baƙi. Ranar da na buga maka gwiwa." "Kai ka buɗe mini baki, na juyo na ci mutuncinka da shi. Ban taɓa mantawa ba ko kwana ɗaya. Ka yafe mini. In ba za ka iya faɗa ba, ko hura wannan ka yi, in ta motsa na gane."

Ya dubi audugar, ya dube ni. Sai ya miƙo hannun hagu, mai lafiyar, ya lalubo bakin zaren. Na zaci bakinsa zai kai. Gaban nawa ya rataya ta, tazarar yatsa uku, ya tsaya yana jira.

Me zan yi? Na fara, manoma biyar matalauta. To, f sai da haƙoran sama, nawa kuwa huɗu na gaba sun daɗe da zubewa. Iska ta fita ta ko'ina, audugar ta yi 'yar rawar nan ta tsakani, ta jiƙe. Ya saki zaren a kan ƙirjinsa, ya miƙo yatsa ya buga mini gwiwa sau biyu. Na sake. Ya sake bugawa. Lantana tana bakin ƙofa ta ce, "Lah, Baba Malam, dariya yake yi." Ni ban sani ba. Ɓarin bakin da yake motsi ya ɗan ja sama, gaskiya ne, hawaye kuma yana bin gefen idonsa, amma tun da ya kwanta idon nan yake zubar da ruwa. Ko yafiya ce ya ba ni ta hanyar da ya iya, ko ramawa ya yi, ko kuwa kansa ya koma gindin kanya ne bai ma ji abin da na ce ba, ba wanda zai gaya mini. Kullum da hantsi muka riƙa yi, kusan wata biyu. Shi ya riƙe, ni in faɗa, ya buga. Duk ranar da na juya audugar wajen bakinsa sai ya damƙe leɓe ya kau da kai. Na ce a raina in na faɗa daidai sau ɗaya, wataƙila ya ce yauwa. Har tambaya na yi nawa ake sa haƙoran roba a Funtua.

Wata Talata ina alwalar walaha Lantana ta aiko in zo yanzu. Na tarar da ita tsaye a tsakar ɗaki ta rungume hannuwa. Ta ce, "Tun da ya sha kunu ya yi shiru. Na kasa taɓa shi, Baba Malam, kai duba." Idonsa a rufe, fuskar ta miƙe, karkacewar nan duk ta tafi, sai ka ce Yaya na da. Na kira shi, na kira shi. Ban iya gane ko ƙirjin yana motsi ba. Sai na sa hannu a aljihu na zaro zaren, na rataya masa audugar a gaban baki, tazarar yatsa uku. Wannan karon bai kau da kai ba.

Na jira. Ba tsalle, ba kwanciya, ko 'yar rawar nan ta tsakani babu. Na miƙa yatsa na buga masa gwiwa sau biyu. Na sake jira. Lantana ce ta zo ta zare zaren daga hannuna, tana salati, ta ce, "Baba Malam, ya isa haka."

Da aka jera sahu a ƙofar gida, kafin a ta da kabbara, liman ya juyo ya ce duk wanda marigayi ya yi wa wani abu ya dubi Allah ya yafe masa. Jama'a suka amsa, mun yafe, mun yafe. Wanda yake kusa da ni ya taɓa ni da gwiwar hannu, wai ni ne ƙaninsa, ya kamata a ji tawa. Na buɗe baki na faɗa, na yafe, da ƙarfi, kowa ya ji.